Shekarar da Tumakin Harm Ba Su Fito Ba

Shekara arba'in ina jan keken doki, ina kai baƙi cikin gandun haide, tunda ba a barin mota ta shiga. A watan Agusta suke zuwa, lokacin da haide, ɗan guntun tsiron da ya rufe gandun, ke fure, daji ya koma shunayya har iyakar ganin ido. A bakin hanyata rumfar Wilken Drewes mai kiwon zuma take, da amyoyinsa sittin na saƙar kara, shafe da kashin shanu, irin na ubansa.

Wilken bai taɓa aure ba. Abokin faɗansa ɗaya ne, Harm makiyayi, mai tumaki ɗari huɗu. Kullum da sassafe garken zai ratsa ta gaban rumfar.

"Kwashe warinka daga nan, tsohon bunsuru," in ji Wilken.

"Warin nan kake sayarwa a kwalba," in ji Harm. "Ka ce na gode."

Gaskiyar Harm ce. Lokacin fure gizo-gizo kan saƙa yanarsa daga reshe zuwa reshe. Ƙafafun tumaki ke yage ta da safe, sannan ƙudan zuma su sami hanyar fure. Wilken ya sani, amma bai taɓa furtawa ba.

Da bazara Harm ya rasu. 'Ya'yansa na birni, suka sayar da garken. Hukumar gandun ta nemi wani makiyayi, ba a samu ba.

Furen ya yi kyau a shekarar, ban taɓa ganin irinsa ba. Da safe yanar kan ɗauki raɓa, ko'ina fari fat yana ƙyalli, baƙi su ce in tsaya su ɗauki hoto. Ni da na sauko na duba, kowace yana tana da ƙudan zuma biyu ko uku a naɗe.

Sai Wilken ya samo doguwar igiya, ya ɗaɗɗaura mata tsummokara, ya ɗaura a ƙugu. Yana da shekara saba'in da takwas. Tun gari bai gama wayewa ba zai shiga haide yana janta tana yage yanar, ya je ya dawo, wandonsa jiƙe sharkaf.

"Maƙwabci, ƙafa biyu gare ka," na ce masa. "Na Harm sun fi dubu."

"Ka kula da dokinka," ya ce, bai ko tsaya ba.

Wata baƙuwa a kekena ta zaci al'adarmu ce. Ta ɗaga murya ta ce, "Baba, don Allah sake jawowa ta nan, ban ɗauka ba." Ya juyo, ya sake jawowa. Wurin ma akwai yana.

Mako biyar ya yi a haka. Abin da ya share yau, gobe an sake saƙawa.

A wajenmu, in fure ya kaɗe, mai zuma kan ɗaga kowace amya da hannu ya ji nauyinta. Wadda ta yi sakayau ba za ta kai ƙarshen sanyi ba, sai a ɗora ta kan rami, a kunna farar wuta a ƙarƙashi, hayaƙin ya gama da ƙudan. Ya fi a bar su su mutu a hankali. Ranar, ya kira ni in riƙe masa shebur.

Ya ɗaga ta farko, ya aje a hagu, ɓangaren marasa nauyi. Ta biyu ma hagu. Na ce ko a ba su sukari.

"Wa zai sha?" ya ce. "Leƙa ka gani."

Na leƙa. Ƙudan ba su cika tafin hannu ba.

Bakwai kaɗai suka tafi dama. Sauran muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta yi ɗan gunji, ta yi shiru. Da muka gama ya zauna a kan wata amya da babu kowa ciki, yana kwance tsummokaran daga igiyar.

"Gobe ka kai ni maƙabarta," ya ce. "Akwai maganar da tsohon bunsurun nan yake jira."