Jan Kallabi a Gulbin Gagare

Jan kallabinta na fara hangowa daga kan gaɓa, yana tafe a tsakiyar ruwa kamar furen da iska ta tsinko. Sai da ya matso na ga ashe yarinya ce rungume da ƙatuwar gora, tana turo ƙwaryar kayan wata tsohuwa. Ɗiyar mai fito ce. Idan Gagare ya kawo, ita da mahaifinta ke ƙetarar da 'yan kasuwa.

Shekarata goma sha takwas, ina jiran shagon yayana a Ƙauran Namoda, kuma babu littafin soyayyar da zai shigo gari ban aro shi ba. A cikinsu kullum saurayi ke ceton budurwa. Sai na mai da gindin wani marke na bakin gulbi wurin karatuna, ina jiran ranar da gora za ta kuɓuce mata in faɗa ruwa.

"Malam mai littafi," in ji ta duk sanda ta fito, "yau ma gadin gulbin aka ba ka?"

Wani hantsi, bayan an kwana ana ruwa, na gaji da jira. Na tuɓe riga na ce zan ƙetare ba gora. Ai na san wurin, nan muke ƙwallo a kan yashi da rani. Na manta cewa da ranin ne kuma masu lambu ke haƙa rijiyoyi a cikin gulbin, damina ta zo ta rufe bakinsu.

"Kai, ba ta nan ba!" in ji ta daga gaɓa. "Rijiyar masu albasa na nan!"

Na yi kamar ban ji ba. Ruwa na iya ƙirjina, taku ɗaya na ƙara sai na nemi ƙasa na rasa. Na sha, na taso, na sake sha. Ko ihu ban iya ba. Ina ganinta tsaye a gaɓa, ba ta shigo ba. Gorar ta wurgo mini, da igiya ɗaure a wuyan gorar.

"Rungume ta! Kada ka saki!"

Ita da mata masu wanki suka jawo ni kamar buhun gero.

Da na gama aman ruwa, kunya ta sa na ce, "Don me ba ki shigo ba?"

"In shigo ka shaƙe ni mu tafi tare? Baba ya hana. Mai nutsewa ko uwa tai ya samu danne ta zai yi. Igiya aka miƙa mai, ko sanda." Ta miƙo mini littafina. "Ba su rubuta wannan ba?"

Wasiƙa uku na rubuta mata, ban ba ta ko ɗaya ba. Da kaka aka ɗaura mata aure can wajen Zurmi.

Bayan shekaru, ina hanyar kasuwar Moriki da farkon damina, na ga sanduna a kafe cikin gulbi, kowanne da jan ƙyalle. Aka ce wata mata ce ke kafa su a bakin kowace rijiya tun kafin ruwa ya iso, kuma yaran ƙauyen ba sa shiga sai tana wurin. Na tarar da ita da goyo, tana riƙe da igiya, 'yan mata uku na wutsil-wutsil a kan gora.

Ta dube ni, ta yi dariya. "Malam mai littafi! Tuɓe takalmi, akwai gora guda da ta rage."