Sitiyarin Motocin Boeta Sedick

Shekara talatin da huɗu Boeta Sedick ya yi a ƙarƙashin bas-bas ɗin Cape Town, yana kwance noti yana ɗaurewa. Da ya ajiye aiki sai ya koma gyaran motocin da ba su wuce tsawon yatsa ba. Shi da bakinsa yake cewa yarinta ce ta makara, sai yanzu ta iso shi.

Kowace Asabar yana wajen 'yan gwanjo yana tsintar motocin wasan yara da sojojin roba. Ya sassaƙe hular wannan da reza, ya manna wa wancan ƙyalle a ƙeya, ya bi su da fenti ruwan ƙasa, sai ga rundunar Japan ta yaƙin duniya na biyu a kan teburin cin abinci. Yayarsa Tietie Galiema, wadda suke gida ɗaya tun rasuwar matarsa, ba ta bari ya tayar da salla a ɗakin sai ta lulluɓe su da zanen gado.

"Gemu fari fat, kana wasa da 'yartsana," in ji ta.

"Tietie, bataliya ce fa."

"To bataliyar ta matsa, zan ajiye shayi."

Burinsa ɗaya ne, rundunarsa ta hau teburin babban wasan shekara na ƙungiyarsu ta masu wasan yaƙi, inda dattawa ke yaƙi da awon tazara da jefa ƙwaya irin ta ludo. Dokarsu kuwa, ba abin da zai hau sai Oom Hennie, tsohon malamin tarihi, ya duba shi da gilashin ƙara girma. Wanda ya saɓa wa na ainihi, akwati zai koma. Sau biyu ana mayar da Sedick.

Bana ya samu manyan motocin wasa goma sha biyu, sitiyarinsu a dama kamar na motocin Cape Town. Ya ce a ransa ai Japan ƙasar waje ce, kuma motar waje a fim sitiyarinta a hagu yake. Bai tambayi kowa ba. Wa zai koya wa makanike wurin sitiyari? Wata biyu ya yi da hantsaki a hannu, yana cire abin da bai kai ƙwayar wake ba yana mayarwa hagu.

Ranar wasa Oom Hennie ya leƙa motar farko, ya daɗe bai ɗago ba.

"Sedick, wa ya taɓa sitiyarin nan?"

"Ni ne, Oom, da hannuna," ya faɗa yana gyara hula.

"Japanawa irin tuƙinmu suke yi. Yadda ka sayo su, daidai suke."

Dariya ta ɓarke har wani ya ƙware. Sedick ya ce, "Ku yi, na cancanta. Lafiyayyu goma sha biyu na yi wa tiyata."

"Ni dai abin da idona ya gani nake hukunci a kai," in ji Oom Hennie. "Saura rabin awa a fara wasa."

Sedick ya fita bayan zauren, ya ɗebo ƙasar gindin furanni, ya kwaɓa da gam, ya shafe gilasan motocin gaba da gefe. Ya dawo ya jera su.

"Damina ce a Burma, Oom, taɓo ne ya rufe su."

Tsohon ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can, bai ga komai ba. Ya ajiye gilashinsa ya ce, "Hau."

Sai dai abokan karawa suka kafe cewa direban da ba ya ganin gabansa rabin tafiya zai riƙa yi. Kafin motocin su kai gadar da ke kan teburin an cinye rundunar kaf. Sedick ya tattara gawawwakinsa cikin akwati yana ta Alhamdulillahi, don wannan karon a kan tebur suka mutu.