Kwaɗo Biyu a Ƙofar Ummulkhairi

A layin shagunan Kwamba, in ana neman wadda za a yi wa tsiya, to Ummulkhairi mai ɗinki ce. Shekara na kamawa take zuwa ofishin haraji da ƙafarta, ta ce kekunan ɗinkinta uku ne, har da wanda ke gida ba wanda ya san da shi. Philomena mai teburin kifi kan ce mata, "Maman Umaima, wai gwamnati mijinki ne?" Murmushi kawai take yi.

Da ba haka take ba. Daga Funtuwa ta biyo mijinta, direba ne a Abuja, ta kama shagon kwantena. Nan ta tarar da dabarar layin: da an hango motar masu haraji, kowa ya shige shagonsa, Philomena ta bi tana rataya kwaɗo ta waje kamar ba a fito ba, sannan ta sulale. Shekara huɗu Ummulkhairi tana cin wannan bulus, har tana ganin kanta mai wayo.

Rana dubu ta ɓarawo. Wata Talata da sha biyu da rabi, tana laɓe a ciki, zufa na tsiyaya, sai ta ji ƙarar ƙarfe. Ma'aikatan sun ɗora nasu kwaɗon a kan nata, sun yi gaba.

Ƙarfe ɗaya ake tashin su Umaima, 'yarta mai shekara biyar, kuma makarantar tana tsallaken babban titi, inda tireloli ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Kullum ita ke zuwa ta riƙo hannunta. Waya kuwa tana wurin mai caji.

Ta daɗe tana jira ko Philomena za ta leƙo. Shiru. Da ta ji 'yan makaranta sun fara wucewa, kunya ta kama gabanta. Ta hau dukan ƙofa da hannu bibbiyu.

"Ku buɗe! Ina ciki! Wallahi ƙarya na yi, ina ciki!"

Sai da aka bi motar har ƙarshen layi. Wani dattijo cikin ma'aikatan da ke riƙe da makullan ya buɗe nasu kwaɗon, ya zare nata da ke rataye kawai, zai fara faɗa, ta ce, "Baba, ku kwashe kekunan duka, 'yata!" Ta zura da gudu ba takalmi, jama'a na kallo.

Ta hango Umaima a wancan gefen, jaka a baya, ta riga ta sauko kan kwalta tana leƙen tsakanin motoci. Ummulkhairi ba ta san yadda ta tsallaka ba. Ta dai ji yarinyar a ƙirjinta.

Umaima ta ɗago kai ta ce, "Mama, na yi ta jira. Na ga kin manta da ni, shi ne zan zo in ɗauko ki."