Yadda Malam Elias Ya Koya wa Ɗalibansa Musu

Malam Elias ɗan Tibi ne daga wajen Gboko, gajere mai faɗin ƙirji, mai saurin tafiya kamar ya bar tuwo a wuta. Ya zo Birnin Kebbi ana dab da karɓar mulkin kai, shi da matarsa Cecilia, aka ba shi aikin taimaka wa Baturen da ke koyar da kimiyya a sakandaren maza. Hausarsa ta barikin soja ce, don can ubansa ya yi aiki, saboda haka ya sha wuya kafin kunnensa ya saba da maganar Kabi. A garin nan ya tsufa, a nan aka binne shi. Amma in tsofaffin ɗalibansa suka haɗu, shekara guda ce hirarsu ke komawa kanta, wato shekarar da Bature ya naɗe kayansa ya koma gida, aka damƙa wa Elias ajin ƙarshe.

Jarrabawar fita na tafe, aikinsa shi ne ya yi wa yaran bitar duk abin da suka karanta: nauyi da motsi, zafi da tururi, haske da sauti, da maganaɗisu. A ɗakin malamai kuwa akwai masu cewa a fili, kimiyya sai Bature. Wannan bai dame shi ba kamar yadda yaran suka dame shi. 'Ya'yan manoman shinkafa ne daga Zauro, da 'ya'yan masuntan Argungu, da Fulanin gari, duk an horar da su tun suna goye cewa ba a musu da babba, ba a kallon malami cikin ido. Ko me ya faɗa, in ya juyo ya ce, "Kun gane?" sai a amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malam." In ya ce akwai mai tambaya, sai kowa ya sa ido a kan yatsun ƙafarsa. Ranar gwaji kuwa, Allah ya kiyaye, a nan ake ganin ɓarna. Elias ya rasa inda ke yi musu ciwo balle ya sa magani, abin ya hana shi sukuni.

Wata rana ya ce bari ya ɗana musu tarko. Ya tsaya gaban allo, ya murtuke fuska, ya ce duk abin da aka yi da ƙarfe, in ya taɓa ruwa nutsewa yake yi, babu makawa. Ya jira. Yaran nan kullum da hannunsu suke wanke kwanukansu na ƙarfe, suna ganin kwano na yawo a kan ruwa. Amma ina. Sai ƙarar alƙalami kake ji, kowa na rubutawa. Ya dubi Kalilu, wani dogon yaro ɗan masunci wanda ya fi kowa kaifin kai a ajin. Kalilu ya ɗan dakata, ya ciji leɓe, sannan ya sunkuya ya rubuta shi ma.

Ran Elias ya ɓaci ƙwarai. Ya ce musu ƙarya ya yi, ya tambayi abin da ya hana su magana. Can wani ya ce, "A yi haƙuri, Malam," sauran suka maimaita. Ya ajiye alli ya fita.

Da hutun tsakiyar zango ya raka Cecilia kasuwar Argungu sayen busasshen kifi da albasa. Suna tsaye suna shawara da harshensu, sai wata Bafulatana mai tallan nono, Laure, ta ajiye ludayi ta ƙare masa kallo. Ashe iyayenta sun taɓa kiwo a ƙasar Binuwai, ta san harshen. Ko kusa ba ta kai ƙanwarsa a shekaru ba, amma ta nuna shi da yatsa a gaban jama'a.

"Kai ɗan Tibi, yau Allah ya kama ka. Ina shanun da kakanmu ya ba kakanka ajiya, kunka cinye?"

Tsakanin Fulani da Tibi akwai tsohon wasa, kowa ya sani, ba a fushi a cikinsa kuma ba a duba girma. Elias ya ce ai shanun ramammu ne, ko miya ba su yi ba. Laure ta ce ƙarya yake yi, ga shaida nan a tumbinsa. Kasuwa ta kwashe da dariya. A hanyar komawa cikin mota Cecilia ta ga ya zurfafa cikin tunani, ta ce, "Baban Susanna, ko maganar yarinyar nan ce ta sosa maka rai?" Ya ce a'a, yana lissafin Fulani nawa ne a ajinsa.

Da aka koma makaranta ya shiga aji ya ce, "Wa ke Bafulatani a nan? Ya ɗaga hannu in ga waɗanda za mu ci shanunsu bana." Sai Ummaru, wani siririn yaro a kujerar baya, ya kasa daurewa, ya ce a hankali, "Malam, ku fara biyan na da." Ajin ya ƙyalƙyale, Elias ya fi kowa dariya. Kafin dariyar ta lafa ya ce, "To ku saurara. Tibi sun ce, in ka saki babban dutse da ƙarami daga saman soro, babban ne zai riga isa ƙasa."

"Ƙaryar Tibi ce," in ji Ummaru.

"Kawo hujja."

Ummaru ya juya yana neman taimako. 'Ya'yan Kabawa, da ba su da hurumin wasa da malam, suka shiga raɗa masa amsa ta kowane ɓangare, wasu daidai, wasu shirme. Aka fita waje da duwatsu aka gwada. Ranar Elias ya ji abin da ke cikin kawunansu karo na farko.

Daga nan bita ta koma haka. Tibi sun ce ruwan da ya daɗe yana tafasa ya fi wanda ya tafasa yanzu zafi. Tibi sun ce maganaɗisu na jan zoben azurfa. Wani lokaci abin da Tibi suka ce gaskiya ne, don kada a saba da ƙaryatawa ido rufe. Hayaniyar ajin har ofishin hedimasta take kaiwa. Hedimasta, Malam Abdussamadu, mutum mai son tsari, ya kira shi ya ce, "Malam Elias, girma fa in ya zube ba ya kwasuwa. Jiya a kasuwa na ji yara na kiranka ɓarawon shanu." Elias ya ji zafin maganar, don shi ma mutum ne mai son a ba shi girmansa. Ya ce a yi masa haƙuri har jarrabawa ta wuce.

Sai dai shi kansa hankalinsa bai kwanta ba. Ya lura musun duk na wasa ne. In bai fara da "Tibi sun ce" ba, ajin na komawa gidan jiya. Kuma har yanzu bakin Fulani kaɗai ke magana, su Kalilu sai raɗa. Takardar jarrabawa ba ta wasa da kowa, kuma yaran nan gobe su ne za su riƙe asibiti da gadoji a ƙasar da ta zama tasu. Yakan ce wa Cecilia yana tsoron surutu kawai ya koya musu.

Ana saura kwanaki kaɗan a fara jarrabawa, yana bitar yadda haske ke lanƙwasa in ya fito daga ruwa. Zazzaɓi ya kwana biyu yana cin sa, kansa na sarawa. Ya zana ruwa, ya zana kifi, ya ja layuka, ya ce don haka kifin na gaskiya yana sama da inda ido ke ganinsa. Ba tarko ba ne, kuskure ne tsagwaronsa, ya juya zanen bai sani ba. Shi da kansa ya koya musu daidai a watan da ya wuce, don haka rabin ajin sun gani. Ummaru ya buɗe baki, ya ga fuskar malam ba alamar wasa, ya rufe. Alƙaluma suka fara motsi.

Sai kujera ta yi ƙara. Kalilu ne ya miƙe, idonsa a ƙasa.

"Malam, a gafarce ni. Ba haka ba ne."

Elias ya juyo. Abin da ya fara zuwa masa fushi ne, irin na babban da yaro ya tare a gaban mutane, har ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya ce da kakkausar murya, "Me ka ce?"

Duk ajin sun zaci Kalilu zai zauna. Sai ya ɗago kai ya dubi malaminsa cikin ido, abin da bai taɓa yi wa ko ubansa ba.

"Kifin ƙasa yake, Malam. Zanen ya juye."

Elias ya koma ya dubi allo, ya daɗe yana kallo. Ya ga kuskuren ƙuru-ƙuru. Fushin ya sauka, wani daɗi ya taso masa. Ya ɗauki tsumma ya goge zanen da hannunsa, ya miƙa wa Kalilu alli, sannan ya taka zuwa kujerar yaron ya zauna a cikin ɗalibai.