Kiɗan da Na Kai wa Ƙanwata Jos

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Jos daga Bauchi, ni da wani abokina mai tsohuwar mota wadda ba ta tashi sai an lallashe ta. Jakar kwamfutata na kan cinyata, na rungume ta kamar jariri, don abin da ke cikinta shi ne dalilin tafiyar. Ƙanwata ce ta gama koyon ɗinki a Tudun Wada, inda take zaune wajen gwaggonmu, za a yi mata bikin yaye. Tun tana firamare sanƙarau ya tafi da jinta. Tana magana, tana gane zance daga motsin baki, amma a wajen biki sai dai ta zauna gadin jakunkunan mata. In ta tashi rawa ƙafafun mutane take kallo, kullum tana baya da taku ɗaya, ita kuma ba ta son kallon tausayi. Ni kuwa sana'ata haɗa kiɗan rawa a kwamfuta. Shi ne ta ce wannan karon sai na yi mata wanda za ta ji da kanta.

Hanya ba laifi, sai dai ramukan wajen Nabordo sun tabbatar ba wanda ya yi gyangyaɗi. A Tilde muka tsaya wajen masu kayan gwari. Kabeji kamar kan mutum, dankalin turawa jibge a daro, amma kuɗinsa ya tashi har abokina ya tambayi mai sayarwa ko da naman a ciki. Ta ce ya dawo kaka. Daga nan iska ta fara sauyawa, duwatsu suka fito a ɗore kan juna. Abokin nawa da ya yi min dariyar ɗauko rigar sanyi, kafin mu shiga gari ya fara tambayar ko ina da ta biyu.

Gwaggo ta tare mu da gwate mai zafi, ya ji yakuwa da gauta. Ban iya jira ba, ina ajiye cokali na jona sifikata. Irin kiɗan da nake yi, ƙashin bayansa ganga ɗaya ce mai duka dum, dum, dum ba fashi, mu muna ce mata kik. Da yake ina so ta yi kauri, na ɗora kik a kan kik har na rasa adadinsu, na zuba bes mai gurnani a ƙarƙashi. Ƙanwata ta ɗora tafin hannunta a jikin sifikar. Ina kallon fuskarta. Can ta ɗago ta ce, "Yaya, wannan ai janareto ne." Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi, amma gaskiya abin ya sosa min rai, ga biki gobe da la'asar.

Sai na tuna wani tsohon abokin karatuna, Birom ne, yana da ɗan situdiyo a Nasarawa Gwom, bayan wani shagon walda, shi ne kuma ke kula da kayan sauti a cocinsu. Muka ɗauki keke Napep mu uku, ni da ƙanwata da abokin tafiyata. Mai situdiyon yana buɗe aikin ya kama kai. "Oga, duk wannan kik na mutum ɗaya ne? Suna faɗa da juna fa. Wannan yana tura sifika gaba, wancan yana ja baya, sai ƙarfin duka ya mutu." Muka zauna muka dinga cirewa, har saura biyu: ɗaya mai kaifi don kunnen jama'a, ɗaya mai zurfi wadda ake ji a ƙirji. Muka daidaita farkonsu ya zamana tare suke sauka, muka sauke muryar ta ƙasan ta dace da ta bes, muka ɗan ja wutsiyarta. Ya ƙara mata ɗan ƙuna kaɗan, wato kaushin sauti, don ta cika.

Alƙalin aikin dai ƙanwata ce. Ta zauna a ƙasa, hannunta a jikin babbar sifikarsa, in mun taɓa wani abu sai mu juya mu dube ta. Ta ce yanzu akwai abu mai nauyi, amma ba ta san inda yake farawa da inda yake ƙarewa ba. Nan na gane bes ɗin nan nawa ne ke cike tsakanin duka da duka. Na sa shi ya riƙa dusashewa duk lokacin da kik ya sauka, ya dawo in ya wuce. Na sake kunnawa. Sai na ga ɗan yatsanta ya fara ƙwanƙwasa gwiwarta, daidai kan duka, ba gaba ba baya. Mai situdiyon ya ce a hankali, "Oga, ya kama fa." Ni dai na juya kamar ina gyara waya, don kada su ga idona.

Washegari wata matsalar ta ɓullo. Tsakar gidan siminti ne, ba ya ɗaukar girgiza, kuma ba a rawa da hannu a jikin sifika. Madam ɗin da ta koya mata ɗinki ce ta ce a ciro saman teburin yankanta. Aka shimfiɗe katakon a ƙasa bisa 'yan itatuwa, muka ɗora babbar sifikar da mai situdiyon ya aro mana a gefe ɗaya. Ƙanwata ta cire takalmi ta hau, cikin atamfar da ta ɗinka da hannunta. Ta tsaya cak na ɗan lokaci. Sai kafaɗa ta motsa, sai ƙafa. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, 'yan shagonsu suka yi mata zobe, Madam ta shiga tana liƙi tana kuka. Sau nawa na maimaita kiɗan, ban ƙirga ba. Ban taɓa jin daɗin wani aiki da na yi kamar na ranar ba.

Da safe muka juyo, but ɗin mota cike da dankalin da abokina mai motar ya rantse ba zai saya ba. Azahar ta yi mana a Bauchi. Abin da na taho da shi game da sana'ata kaɗan ne: ba yawan tarawa ke sa kik kauri ba, a zaɓi kaɗan masu jituwa, a kuma ba shi wuri ya sauka. Amma abin da ya fi zauna min shi ne maganar da ƙanwata ta faɗa a bakin ƙofa, tana riƙe da hannun rigata don in juyo ta ga bakina. Ta ce, "Yaya, da can in na gan ka gaban kwamfuta kana ta gyaɗa kai kai kaɗai, tausayinka nake ji. Ashe abu mai daɗi kake yi."