Kalmar da Kaka Ta Riƙe

Turaku na fara gani ranar da aka kawo ni Sabon Gari. An shafa musu farar ƙasa, an jera su a miƙe har inda ido ya tsaya, kuma ba akuya ko ɗaya a ɗaure. Kututturen dawa na nan tsakaninsu ba a tuge ba. Gwaggo, ƙanwar babana da zan zauna a wajenta, ta ce gonakin mutanen ƙauyen Dogarawa ne Bature ya auna, gidaje za a yi layi-layi. Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba. Babana kuku ne a gidan wani Bature, shi ya matsa a sa ni makarantar mishan. Ranar Asabar nake komawa ƙauyenmu Samaru a ƙafa, tare da mata masu dawowa daga kasuwa.

A bangon ajinmu akwai taswira. Malaminmu, wani mutumin Ikko, yakan nuna mana da sanda: nan Farisawa suka ci, Rumawa suka zo suka ƙwace, su ma aka cinye su, duk jan nan kuwa na Sarkin Ingila ne. Yara suna rige-rigen ɗaga hannu. Ni ban taɓa ɗagawa ba. Kudu da Zariya nake kallo, inda takardar ba rubutu, ina neman garin Kaka.

Kaka, uwar babana, ba haifaffiyar Zazzau ba ce. Tana ƙarama mahara suka ɗauko ta daga duwatsun kudu, zamanin da sarakuna ke kai yaƙi can duk rani. Abin da ya rage mata na gida shi ne tsaga uku gajeru a bayan kowane kunne, sai kalma ɗaya ta yarensu. Ta ce sunan garinsu ne, don ita ta ji uwarta tana kira da ƙarfi ranar da aka raba su. Takan faɗe ta a hankali in tana tankaɗe. A shekarar ƙafafunta sun kumbura, ko bakin rijiya ba ta zuwa, kuma ba abin da take so irin ta san inda garin yake.

"'Yar boko, kin gano mini shi a takardar Nasara?"

"Tukuna dai, Kaka."

"To me kuke karantawa a can? Sunan kaji?"

Gwaggo tana sayar da tuwo kusa da tasha, in an tashi makaranta ni ke wanke mata akusa. Yawancin masu ci leburori ne da aka ɗebo daga ƙauyuka don aikin hanyar jirgi. Wata rana wani dattijo cikinsu ya sunkuya wanke hannu, sai na ga bayan kunnensa. Tsaga uku, gajeru. Na yi kwanaki ina ajiye masa ruwa, baki ya ƙi buɗuwa. Gwaggo ba ta son zancen nan, ba ta so a tuna mata yadda uwarta ta zo Zazzau, shi ya sa ban gaya mata ba. Ita ce dai ta kama ni.

"Ke kurma, kunnen bawan Allah za ki saya ne?"

Dattijon ya yi dariya. Hausarsa ba ta nuna ba. "Yaro, me ka gani?"

Gwaggo ta ce, "Mace ce, malam. Ki ake cewa."

Na dubi ƙasa na faɗi kalmar. Bai gane ba. Na sake, na ja ƙarshenta yadda Kaka ke yi. Ya mayar da lomar da ya ɗauka cikin akushi.

"Wa ya koya maka?"

Na ba shi labari a gutsure, na ce, "Baba, sunan garinku ne?"

Ya girgiza kai. "Ba gari ba. Abin da ake ce wa yaro ne in an hango doki. Gudu. Ka gudu."

Gwaggo ta ajiye mara, ta shige bayan zana.

Na tambaye shi ina ne garin masu irin tsagarsa. Ya ce suna da yawa, kowane dutse da nasa. Nasu ma sojan Bature sun ƙone shi kan haraji, an sauko da su fili, yanzu birai ke kwana a kufan. Ya ce kashegari za a kwashe su leburorin zuwa gaba, inda aka kai da shimfiɗa ƙarfe.

Kaka ba ta kai girbin shekarar ba. Har ta rasu tana kiran kalmar da sunan gari, mu kuwa da Gwaggo ba wanda ya gyara mata. Ina tuna kwanakin da na ɓata ina kallon kunnen mutumin nan. Da na yi magana da wuri, da wataƙila an kai shi Samaru sun ga juna.

A ranar dai abin da ya dame ni Asabar ce, da tambayar da ke jirana a bakin ƙofar Kaka. Ya miƙe zai tafi, na bi shi har bakin hanya, hannuna duk miya.

"Baba, don Allah tsaya. Yaya kuke ce wa yaro ya dawo gida? Faɗa mini a hankali, in kai mata."