Damin Sha'ibu

Babanmu, Malam Audi na Mabai, bai yi boko ba, amma tambaye shi shekarun da aka yi ruwan ƙanƙara a ƙasar nan, zai zayyano maka su tiryan-tiryan. Akwai ta shekarar fara, wadda ta kashe awaki a Yankara. Akwai wadda ta sauka a Sabuwa ran kasuwa ta farfashe wa mata tukwane. Wadda ba ya son tunawa ita ce ta shekarar da aka haifi yayana Sha'ibu. Ta faɗo gero na fidda kai, ta taru har idon sawu, kafin la'asar gonarmu ta koma kara tsaye. Inna ta ce tafasa suka yi ta ci har wata kakar.

Da kuɗin fetur suka shigo, gwamnati ta kwashi samari zuwa Turai koyon aikin injuna, har da Sha'ibu. Bayan wata biyar sai ga wasiƙa da hoto. Ga shi tsaye cikin wata ƙatuwar riga yana dariya, ƙasa ta yi fari fat, abin ya kai masa gwiwa. Malam Gide, malamin firamare, ya karanta mana. Ya ce dusar ƙanƙara ce, duk shekara haka take yi musu.

Baba ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Duk shekara? Innalillahi! Malam, ta idon sawu ta hana mu tuwo shekara guda. Wagga ta gwiwa fa, mi za su ci?"

Malam Gide ya ce, "Baba, ai su ba sa noma gero."

"To da ina zai yi? Dubi wuyan yaron nan. Dariyar ga ta ƙarfin hali ce, don kada hankalin uwatai ya tashi."

Washegari ya ɗora buhun gero a jaki har tashar Kankara, wai a kai wa Sha'ibu. Direbobi suka yi dariya har da riƙe ciki. Ya dawo da buhunsa gida. Daga ranar, kowace kaka sai ya zaɓi damin da ya fi kyau ya sa a ƙaramin rumbu, ya hana a taɓa. In hadari ya haɗu kuwa, yana zaune ƙofar gida, idonsa na kan hanya.

Ni kam abin haushi yake ba ni, wallahi. Wata damina da hatsi ya yi mana ƙasa na ce, "Haba Baba! Ga mu nan muna maneji, shi yana can yana cin burodi!"

Ya ce, "Lauratu, ke kina da maƙwabta."

Karatun shekara biyu ya zama biyar. Baba ya rasu ana gab da girbi. Sha'ibu ya iso bayan sadakar arba'in, ya yi ƙiba, ga kumatu. Na ja shi bayan gida na buɗe rumbun. Dami huɗu, na ƙasan duk ƙwari sun cinye.

Ya ce, "Wannan na waye?"

Na ce, "Naka ne, Yaya. Baba ya ce ƙila ka dawo da yunwa."

Ya zauna daɓas a ƙasa da fararen kayansa. Can ya ce in daka masa.